Gajeren zango, mita 6 ko tauraron ɗan'adam: wanne ya dace da mai rediyon sha'awa a Sakkwato idan rana ta yi guguwa?

Tun bayan guguwar rana ta 10 da 11 ga Mayun 2024, wadda ta kai matakin G5, mafi girma a ma'aunin hukumar NOAA ta Amurka kuma irinta ta farko tun 2003, labarin hasken arora, wato hasken launuka da yake bayyana da dare a samaniyar ƙasashen can arewa da can kudu, ya shiga bakin mutanen da a da ba su san da shi ba. Masu rediyon sha'awa, wato waɗanda suke da lasisin aika saƙo da karɓarsa ta iska domin koyo da gwaji, ba domin kasuwanci ba, sun ba da labarin yadda a daren suka yi ta magana tsakanin ƙasashen Turai a kan 144 MHz, zangon da a rana ta yau da kullum bai cika wuce 'yan ɗaruruwan kilomita ba. Mutumin Sakkwato da ya tara kuɗinsa yana son kafa tasha a gida, idan ya karanta wannan labari, zai iya ɗauka cewa irin kayan da Turawan suka yi aiki da su ya kamata ya saya. A ganina kuskure ne mai tsada. Abin da rana take yi wa samaniyar Sakkwato dabam yake da abin da take yi wa ta Suwidin ko Kanada, kuma zaɓin gaske a nan yana tsakanin abu uku ne: gajeren zango, mita 6 (wato zangon 50 MHz), da tauraron ɗan'adam na QO-100.

Abin da ake kira guguwar rana a dunƙule abu biyu ne, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta zargin eriyarsa a banza. Na farko shi ne tartsatsin rana, wanda haskensa yake isowa duniya cikin kimanin minti 8. Yana cika kason ƙasa na ayonosfiya, wato sashen sararin sama mai cajin lantarki da yake mayar da siginar rediyo ƙasa, da ƙarin caji, kason da ake kira D mai tsayin kilomita 60 zuwa 90, sai wannan kaso ya shanye siginar gajeren zango kafin ta kai inda za ta karyo ta dawo ƙasa. Wannan yana shafar ɓangaren duniyar da rana take haskawa ne kawai, kuma yakan wuce cikin 'yan mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu. Na biyu shi ne turnuƙun ƙwayoyi masu caji da rana take amayarwa, wanda yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya, kuma idan ya iso ya girgiza maganaɗisun duniya. Shi ne yake haifar da arora, shi ne kuma ake aunawa da lambar Kp daga 0 zuwa 9, inda 5 take daidai da G1, 9 kuma G5.

Yadda ake magana ta hanyar arora yana da ban sha'awa ƙwarai. A tsayin kilomita 100 zuwa 120, inda hasken yake, cajin yakan jeru bisa layukan maganaɗisu har ya iya mayar da siginar 50 MHz da 144 MHz baya. Mutum biyu da suke son haɗuwa ba sa juya eriya su fuskanci juna, kowannensu arewa yake fuskanta, wajen hasken. Da yake abin da ake karyowa a kansa motsi yake yi ba tsayawa, sautin yakan lalace: ƙarar mos (saƙon da ake bugawa da gajere da dogon sauti) mai zaƙi ta koma huci, muryar mutum kuma ta koma raɗa mai kaushi wadda sai an natsu ake ganewa. Shi ya sa a rahoton sigina ake sanya harafin A a madadin lambar kyawun sauti, a ce 59A. Nisan da ake samu bai cika wuce kilomita 2,000 ba.

To, a nan lissafi yake yanke hukunci. Abin da yake tsayin kilomita 110 a sama, idan ya yi wa mutum nisan da ya wuce kilomita 1,200 ya riga ya faɗa bayan gantsarwar ƙasa, sigina ba za ta same shi ba. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da ikwaita. Kafin eriyar da ke Mabera ko Runjin Sambo ta hango arora, sai hasken ya sauko ya tsaya a samaniyar Tamanrasat da ke kudancin Aljeriya, alhali mazauninsa na kullum yana can wajen arewacin Norwe da Alaska. Guguwar Mayun 2024 da duk ƙarfinta an hango jan haskenta daga tsibiran Kanari da ke kan digiri 28, amma hangen ja a gefen sararin arewa ba ɗaya ba ne da samun wurin karyo sigina a kusa. Ko guguwar Satumban 1859, wadda ake danganta wa masanin taurari Richard Carrington, a shekarar ƙarshe ta mulkin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, da aka ga haskenta a Kyuba da Hawai, ta kai can ne saboda a wancan ɓangaren duniya maganaɗisun ya fi karkatowa kudu. Mu a Afirka ta Yamma akasin haka ne, domin ikwaitan maganaɗisu yana ratsa arewacin Nijeriya, 'yan digiri kaɗan kudu da Sakkwato, wanda ya sa muka fi kusan kowa nisa da arora. Saboda haka doguwar eriya mai ƙahonni goma sha wani abu ta 144 MHz, da injin juya ta, da amfilifaya, duk a cire su daga lissafi. Ƙananan oba-oba irin na Baofeng kuwa ko a Turai ba sa wannan aiki, tunda FM suke yi, FM kuma ba ta jure lalacewar sautin.

Gajeren zango, daga 3 zuwa 30 MHz, shi ne wanda ya fi kowanne jin jiki idan rana ta motsa, kuma duk da haka shi zan sa a gaba. Duk wanda ya taso yana sauraron BBC Hausa a mita 16 ko 19 ya san yadda shirin rana yakan dushe wata ran ba tare da an taɓa rediyon ba. Tartsatsin rana ya fi yin ɓarna a inda rana take tsaye bisa kai, Sakkwato kuwa rana tana tsayawa a tsakar kanta sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, sauran watannin ma ba ta yin nisa sosai. A ranar 3 ga Oktoban 2024 an yi tartsatsi mai ƙarfin X9.0, a ajin X da ya fi kowane aji ƙarfi, da ƙarfe 1:18 na rana agogon Nijeriya, daidai lokacin azahar, kuma Afirka tana cikin inda ɗaukewar ta fi tsanani. A irin wannan sa'a wanda ya kunna rediyo zai ji zangon ya yi tsit, har da hayaniyar da ya saba ji. Ƙananan zango su suka fi shan wuya. Mita 40, wato 7 MHz, wanda da shi ake magana da na kusa irin su Gusau, Birnin Kabi, Kano ko Yamai ta hanyar harba sigina sama ta faɗo, shi ne yake fara mutuwa kuma shi ne yake dawowa a ƙarshe. Mita 15 da mita 10 sukan farfaɗo da wuri. Maganin abin ba ya wuce haƙurin awa ɗaya, ko a hau zango na sama, ko a jira faɗuwar rana, tunda kason D yana bajewa da dare.

A wajen guguwar maganaɗisu kuwa, Sakkwato tana da sa'ar da Turawa ba su da ita. Hanyoyin da suke lalacewa su ne masu ratsa yankin arora ko kusa da shi, irin hanyar Alaska, yammacin Kanada da arewacin Turai. Hanyar Makka da Indiya ta gabas, ta Barazil ta yamma maso kudu, da ta Afirka ta Kudu, duk suna tafiya ne a ƙasa-ƙasa nesa da wurin da ake rikicin. Sau da yawa ma a awannin farko na guguwa cajin kason F2, na can saman ayonosfiya wanda sigina mai nisan tafiya take karyowa a kansa, yakan ƙaru a ƙasashe masu zafi, sai mita 10 da mita 12 su buɗe tsakanin arewa da kudu fiye da yadda aka saba, kafin kashegari abin ya lafa a ji Turai ta yi rauni na kwana ɗaya ko biyu. Ana iya gane halin da ake ciki da kunne, ba sai da intanet ba. Akwai tashoshin fitila 18 na gidauniyar NCDXF ta Amurka, masu aika siginar gwaji da kansu daga ƙasashe dabam-dabam, da suke karɓa-karɓa a kan 14.100, 18.110, 21.150, 24.930 da 28.200 MHz, kowace tana ɗaukar daƙiƙa 10, zagayen kuma yana cika a minti 3. Kowace takan faɗi lambarta da mos, sannan ta ja dogon sauti huɗu, na farko da wat 100, na biyu da 10, na uku da 1, na huɗu da kashi ɗaya bisa goma na wat. Idan suna kan aiki, mutum ya ji ZS6DN ta Afirka ta Kudu da 5Z4B ta Kenya har sauti na uku, amma OH2B ta Finlan ko na farko bai fito ba, ya san inda zai nemi abokin magana a wannan yamma.

Ta fuskar kuɗi ma gajeren zango bai da nauyi a wajen eriya. Waya ce kawai: tsawon rabin zango a mita shi ne 143 a raba da lambar MHz, wato kimanin mita 10 don 14 MHz, mita 20 don 7 MHz, mita 5 don 28 MHz. A yanka ta biyu, a haɗa kebul a tsakiya, a ɗaure gefe ɗaya a dogon yaro, ɗayan a ƙarfen tankin ruwa. Rediyon ne yake cin kuɗi, kuma mai wat 100 yana jan kusan amfiya 20 a kan bolt 13.8 lokacin da ake magana, don haka yana son batir nagari. Abokin gabar gajeren zango a Sakkwato, in za a faɗi gaskiya, ya fi kusa da mutum fiye da rana. Inbata da cajar sola marasa kyau, nasa ko na maƙwabci, suna iya cika zangon da ƙugi dare da rana. Da damina tsawa tana hana sakat a mita 80 da mita 40, da hunturu kuma busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a doguwar waya har mutum ya ji tas-tas a bakin kebul, abin da zai iya ƙona kan rediyo idan ba a yi wa eriyar hanyar zubar da cajin zuwa ƙasa ba. Wanda zai kashe kuɗi, ya fara zagaya gidansa da ƙaramin rediyon gajeren zango mai batir, ya kashe inbata ya kunna, ya ji bambancin.

Mita 6, wato 50 MHz, shi ne inda matsayin Sakkwato yake ba ta abin da ya maye gurbin arora, har ya fi ta. Da rana wutar da ke gudana a saman ikwaitan maganaɗisu tana tura cajin sama, sai ya gangaro ya taru dami biyu masu kauri, ɗaya kimanin digiri 15 arewa da wannan ikwaita, ɗaya kudu. Tun ƙarshen shekarun 1940 masu rediyon sha'awa suka gano cewa sigina tana iya karyawa a damin farko ta tsallaka zuwa na biyu ba tare da ta taɓa ƙasa ba, kuma ta haka tashoshin Sayifurus da Girka suka daɗe suna magana da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Wannan hanya ta saman kanmu take wucewa, domin mun yi kusa da tsakiya da yawa. Amma damin arewa shi kaɗai yana yi mana aiki. Daga Sakkwato zuwa birnin Rum na Italiya kimanin kilomita 3,300 ne, tsalle ɗaya na F2 ke nan, kuma tsakiyar hanyar yana faɗawa ne a kudu maso gabashin Aljeriya, daidai ƙarƙashin damin. A watannin Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, a shekarun da rana take da ƙarfi, daga la'asar zuwa bayan isha'i, tashoshin Afirka ta Yamma sukan shiga kudancin Turai da ƙarfi a kan eriya ƙarama, guguwa matsakaiciya kuma takan taimaka maimakon ta hana. Daga Mayu zuwa Agusta akwai wata buɗewar ta kason E, na tsakanin D da F2, wadda ba ruwanta da guguwar rana. Da yake tashoshin Nijeriya, masu lamba 5N, ba su da yawa a wannan zango, wanda ya kira daga Sakkwato ba zai rasa masu amsawa ba.

Aibin mita 6 shi ne rashin tabbas. Yakan yi makonni ba a jin kowa, sannan ya buɗe na minti arba'in lokacin da mutum yake masallaci ko kasuwa. Yawancin zirga-zirgarsa yanzu ta koma FT8 a kan 50.313 MHz, tsarin kwamfuta da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 1993, da Steve Franke suka fitar a 2017. Yana aika gajeren saƙo a kowane daƙiƙa 15, yana karanta siginar da kunne ba ya ji, amma yana bukatar agogon kwamfuta ya daidaita ƙwarai, kuma ba hira ba ce, musayar lamba da rahoto ne kawai. Saboda haka ban ga hikimar gina tasha a kan mita 6 shi kaɗai ba. Hikimar ita ce a lura da shi lokacin sayen rediyon gajeren zango. Icom IC-7300 da Yaesu FT-891 da FT-710 duk suna da 50 MHz da wat 100, alhali Xiegu G90 mai sauƙin kuɗi wat 20 ne kuma ya tsaya a 30 MHz. Eriyar rabin zango ta mita 6 ba ta kai mita 3 ba, guntun bututun alminiyom ya isa a fara.

QO-100 wani abu ne dabam, domin shi ba ya dogara da ayonosfiya, ratsa ta yake yi. Na'ura ce a jikin tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda aka harba a Nuwamban 2018, aka kuma buɗe wa masu rediyon sha'awa a Fabrairun 2019 da haɗin gwiwar ƙungiyarsu ta Katar da AMSAT ta Jamus. Yana tsaye wuri ɗaya a digiri 25.9 gabas, kilomita 36,000 a sama, maƙwabcin taurarin Arabsat da masu saita dish suka sani. Daga Sakkwato yana gabas maso kudu, kimanin digiri 60 a sama, don haka katanga ko bishiya ba sa cika tare shi. Ana aika masa a 2.4 GHz, yana mayarwa a 10.5 GHz, kuma yana ɗaukar daga gabashin Barazil zuwa Tailan, Afirka da Turai duk a ciki. Sauraro bai da tsada: dish na santimita 80 ko 90, LNB na talabijin, wato kan dish, mai PLL (irin wanda zangonsa bai cika zamewa ba), da ƙaramin rediyon SDR da ake soka wa kwamfuta, sai a nemi siginar a wajen 739 MHz. Aikawa tana son na'urar ɗaga zango ko ADALM-Pluto, wani SDR mai aikawa, da amfilifaya mai 'yan wat kaɗan. Mai magana yakan ji muryarsa ta dawo masa bayan kusan rubu'in daƙiƙa, kuma ƙa'ida ce kada siginarsa ta fi ta fitilar tauraron ƙarfi, wanda ya wuce gona da iri kuwa na'urar takan ɗora masa jiniya.

A ranar da tartsatsi ya kashe mita 40 ko guguwa ta rufe arewacin Turai, QO-100 yana nan yana aiki. Amma bai kuɓuta ɗungurungum ba, kuma matsalolinsa irin na yankinmu ne. Bayan faɗuwar rana, musamman a watannin da dare da rana suke daidaita, ayonosfiyar yankin ikwaita takan yi kumfa-kumfa, abin da yake sa muryar gajeren zango rawa kuma yake rikita GPS, yana iya sa siginar 2.4 GHz ma ta yi ta hawa da sauka har wajen tsakar dare. Ruwan sama mai ƙarfi na Agusta yana rage ta 10.5 GHz. A 'yan kwanaki na Maris da na wajen ƙarshen Satumba rana takan bi ta bayan tauraron, ƙararta ta danne komai na wasu mintoci. Sai zafi: LNB da yake kan rufi a Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40, zangonsa yakan yi ta zamewa, dole sai an ɗaure shi da siginar fitila ta manhaja ko da agogon GPS. Kayan ba a tsintarsu a kasuwa a haɗe, sai an yi oda kuma an iya haɗawa. Ba a kaiwa Amurka ta Arewa ko Japan ko Ostireliya da shi. Kuma tauraro ne guda, an ƙera shi don kimanin shekara 15, ranar da ya tsaya kayan 2.4 GHz ɗin ba su da wani babban aiki.

Akwai kuma batun lokaci. Zagayen rana kimanin shekara 11 ne, wanda ake ciki, na 25, ya fara a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 NASA da NOAA suka sanar cewa ya kai ganiyarsa. Gangarowa ba ta nufin guguwa ta ƙare, domin manyan guguwowin Oktoba da Nuwamban 2003 sun zo ne bayan ganiyar zagaye na 23 ta wuce, kuma a shekarun gangara akan sami matsakaitan guguwa masu dawowa kowane kwana 27, daidai da juyawar rana. Abin da zai ragu shi ne buɗewar F2 a mita 6, sai mita 10 a bayansa, yayin da mita 20, 17 da 15 za su ci gaba da aiki a ƙasashe masu zafi ko a shekarun rauni. Wannan ya ƙara rage wa mita 6 kima a matsayin jari mai zaman kansa.

Idan kuɗin abu ɗaya ne, ni rediyon gajeren zango mai ɗauke da 50 MHz zan saya, da waya biyu ko uku, domin yana ba da maƙwabta da nesa a lokaci guda, kuma shi ne yake nuna wa mutum abin da rana take yi a daidai lokacin da take yin sa, wanda ga ɗalibin fiziks a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, misali, darasi ne da ba a samu a allo. QO-100 ya fi dacewa ya zo na farko ga mutum iri biyu kawai: wanda gidansa ba filin miƙa waya ko inbatocin unguwa suka toshe masa gajeren zango, da wanda bukatarsa ita ce magana mai tabbas a ƙayyadadden lokaci kowace rana. Ga sauran, sauraronsa da dish ɗin da ke gida ya isa a matakin farko, akwai ma mai karɓarsa a Goonhilly ta Ingila da ake saurara kyauta ta intanet kafin a sayi ko da LNB.

Kowanne aka zaɓa, lasisi yana gaba da kaya. Lambobin Nijeriya suna farawa da 5N, na Nijar da 5U, kuma ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Nijeriya, NARS, ita ce ta fi dacewa a tuntuɓa don sanin matakan neman izini daga gwamnatin tarayya. Taron duniya kan zangon rediyo da aka yi a Sharm el-Sheikh a 2019 ya ware wa masu rediyon sha'awa 50 zuwa 52 MHz a yankin da ya haɗa Afirka da Turai, amma abin da aka rubuta a takardar lasisin mutum shi ne abin bi, don haka a tabbatar 50 MHz da 2.4 GHz suna ciki kafin a yi oda. Da halin tsaron da arewa maso yamma take ciki, doguwar eriya a kan rufi da rediyon aika saƙo a ɗaki abu ne da zai jawo tambaya, don haka ya kamata kwafin lasisin ya kasance a manne kusa da rediyon, mai unguwa da maƙwabta kuma su san abin da ake yi tun kafin a ɗaga ƙarfe.